Siyasar makamai, haraji da kashe kuɗin gwamnati a Jihar Kaduna

Siyasar makamai, haraji da kashe kuɗin gwamnati a Jihar Kaduna muhawara ce da ta yi ƙarfi tun daga shekarar 2015, kan tambayoyi uku: wa ke da ikon riƙe bindiga, wa zai biya haraji kuma nawa, sannan ina kuɗin ke tafiya. Sau da yawa ana tattauna kowace tambaya ita kaɗai, amma matsalar tsaro ta ɗaure su wuri guda. Kundin tsarin mulkin Najeriya ya bar makamai da 'yan sanda a hannun gwamnatin tarayya, alhali gwamnatin jiha ce ke karɓar haraji kai tsaye daga 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma ita jama'a ke fara tuhuma idan an kai hari. Wannan giɓi tsakanin mai iko da makami da mai karɓar haraji shi ne tushen yawancin saɓanin.

Tarihi

Kafin zuwan Turawa, masarautar Zazzau tana karɓar kuɗin ƙasa da jangali, tana kuma da dogarai da mayaƙanta. Turawan mulkin mallaka sun tsara karɓar harajin da dokar kuɗin shiga ta 1906, daga baya aka kafa baitulmalin En'e, wanda daga cikinsa ake biyan hakimai, alƙalai da 'yan doka. A wancan tsari, hukumar da ke karɓar haraji ita ce ke kula da tsaron gari. Unguwar Tudun Wada ta Zariya, wadda ta bunƙasa a bayan ganuwa a zamanin Turawa a matsayin mazaunin baƙi 'yan Arewa, a ƙarƙashin wannan tsarin ta taso.

Gwamnatin soja ta haɗe 'yan dokan En'e da rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960, saboda zargin da aka daɗe ana yi cewa ana amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa, musamman 'yan NEPU. A 1979 gwamnan tsohuwar Jihar Kaduna, Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP, ya soke haraji da jangali, kamar yadda Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a Kano. Daga wannan lokaci jihar ta ƙara dogara da kason da take samu daga asusun tarayya, kuma kalmar haraji ta ci gaba da ɗaukar ma'anar zalunci a kunnen talakawa da yawa.

Dokar mallakar makamai

A Najeriya mallakar bindiga ba haƙƙi ba ne da kundin tsarin mulki ya tabbatar, saɓanin Amurka inda gyara na biyu na 1791 ya ba ɗan ƙasa wannan haƙƙi. Kundin 1999 ya sanya makamai, harsasai da abubuwan fashewa cikin jerin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 214 kuma ya hana kafa wata rundunar 'yan sanda bayan ta tarayya.

Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Na farko makaman da aka haramta, irin su bindigogin yaƙi da masu sarrafa kansu, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Na biyu bindigogin farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku bindigogin gargajiya, wato irin na maharba da ake ɗurawa ta baki, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke iya ba da izininsu. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai a faɗin ƙasar. Saboda haka gwamna ba shi da ikon ba kowa bindiga, ko da ma'aikacin hukumar da shi ya kafa.

Matsalar tsaro da kiran a kare kai

Alƙaluman da ma'aikatar tsaron cikin gida ta jihar ta fitar, ƙarƙashin kwamishina Samuel Aruwan, sun nuna cewa an kashe mutum 937 an sace 1,972 a shekarar 2020, sannan an kashe 1,192 an sace 3,348 a 2021. Ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa sun haɗa da Birnin Gwari, Giwa, Igabi, Chikun da Kajuru. Zariya ma ba ta tsira ba: a watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, suka kashe ɗalibi, suka tafi da ɗalibai da malamai. Harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya auku ranar 28 ga Maris 2022, sace ɗaliban Kuriga kuma ranar 7 ga Maris 2024.

A cikin wannan yanayi ne wasu gwamnonin maƙwabta suka fara kiran jama'a su kare kansu. Aminu Bello Masari na Katsina ya yi wannan kira a 2021. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta umarci mazauna jihar su nemi lasisin bindiga, amma babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi.

Masu goyon bayan kiran suna kafa hujja da sashe na 33 na kundin tsarin mulki, wanda ya amince da kare rai da dukiya, suna cewa ɗan bindiga ba ya neman lasisi, don haka mai bin doka ne kaɗai dokar ta ɗaure wa hannu. Masu adawa suna nuni da abin da ya faru a Zamfara, inda rikici tsakanin 'yan sa-kai da makiyaya ya rura wutar ramuwar gayya. A Jihar Kaduna akwai ƙarin fargaba, saboda tarihin rikicin ƙabilanci da na addini kamar na Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000 da na bayan zaɓen 2011. Ana tsoron makamin da aka saya don ɗan bindiga ya ƙare a kan maƙwabci.

Gwamnatin Kaduna ba ta bi hanyar kiran kowa ya sayi bindiga ba. A 2016 ta kafa hukumar 'yan sintiri ta jiha, wadda aka fi sani da KADVS, kuma a 2023 gwamna Uba Sani ya ƙaddamar da horar da sababbin jami'ai 7,000. Katsina ta kafa irin wannan runduna a watan Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a watan Janairun 2024. Duk waɗannan rundunoni ba su da izinin riƙe bindigogin yaƙi irin na 'yan bindigar da suke fuskanta, amma albashinsu, babura da motocinsu daga asusun jiha suke fitowa.

Gyaran haraji na jiha

Gwamnatin Nasir El-Rufai, wadda ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, ta fara da rufe asusun ma'aikatu a bankuna ta mayar da kuɗin asusun bai-ɗaya. A 2016 aka yi dokar da ta tattara duk harajin jiha da na ƙananan hukumomi a kundi guda, ta kafa hukumar tara kuɗin shiga ta KADIRS, ta kuma haramta karɓar tsabar kuɗi a hannu. An sake fasalin dokar a 2020, aka kuma sanar da harajin raya ƙasa na naira 1,000 a shekara kan kowane baligi daga 2021.

Kuɗin shiga na cikin gida, wanda bai kai naira biliyan 15 ba a 2015, ya haura biliyan 44 a 2019, ya wuce biliyan 50 a 2020, ya kai kimanin biliyan 58 a 2022. Magoya bayan gyaran suna cewa an toshe ɓarakar da masu yankan rasit ke yi ne, ba wai an ƙara wa talaka nauyi ba. Masu suka kuwa suna cewa tsarin ya raunana ƙananan hukumomi, domin kuɗin kasuwa da tasha da a da kansila da ciyaman ke gani yanzu ta Kaduna yake bi. Ɗan kasuwar Tudun Wada ko Sabon Gari yana biya, amma ba a sakatariyar ƙaramar hukumarsa zai sami bayanin inda kuɗin ya shiga ba.

Dokokin haraji na tarayya

A watan Oktoban 2024 shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudurori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. Abin da ya fi tayar da ƙura shi ne rabon harajin kayayyaki na VAT. A tsohon tsari, kashi 20 cikin 100 na rabon jihohi ake bayarwa bisa inda aka tara harajin. Ƙudurin ya nemi ya koma kashi 60. Ƙungiyar gwamnonin Arewa ta yi taro a Kaduna ranar 28 ga Oktoban 2024 tare da sarakuna, ta yi watsi da wannan sashe, tana ganin zai fifita Legas inda hedikwatar manyan kamfanoni take.

Shugaban Majalisar Wakilai, Tajuddeen Abbas, wanda ke wakiltar mazaɓar Zariya, yana cikin waɗanda suka jagoranci sasantawa. A ƙarshe aka bar VAT a kashi 7.5, aka rage kason tarayya daga 15 zuwa 10, aka ƙara na jihohi daga 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a 35. Rabon jihohi ya koma kashi 50 daidai wa daida, 20 bisa yawan jama'a, 30 bisa inda aka yi amfani da kaya. An kuma yafe harajin albashi kan naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara. An sa hannu kan dokokin ranar 26 ga Yunin 2025, aka tsayar da 1 ga Janairun 2026 a matsayin ranar fara aiki da manyan sassansu. Yafewar ta sauƙaƙa wa ƙananan ma'aikata, amma tana iya rage abin da jiha ke samu, tunda harajin albashi na daga cikin manyan hanyoyin kuɗin shigar jihohi.

Bashi da kashe kuɗi

Gwamnatin El-Rufai ta kashe kuɗi masu yawa kan tituna da gadoji ta shirin sabunta birane da aka ƙaddamar a 2019 a Kaduna, Zariya da Kafanchan. Wani ɓangare na ayyukan jihar an yi shi da rance, ciki har da dala miliyan 350 na Bankin Duniya, wanda Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da shi a 2018 kafin a samu amincewar daga baya. A ɗaya gefen kuma an sallami malaman firamare sama da 21,000 bayan jarrabawar 2017, an rage ma'aikata a 2021, abin da ya jawo yajin aikin ƙungiyar ƙwadago ta NLC a watan Mayun shekarar.

Ranar 30 ga Maris 2024 gwamna Uba Sani ya shaida wa taron jama'a cewa ya gaji bashin dala miliyan 587, naira biliyan 85 da kwangiloli 115 da ba a gama biya ba, kuma an cire naira biliyan 7 daga cikin biliyan 10 na kason jihar na wannan watan don biyan bashi. Faɗuwar darajar naira bayan watan Yunin 2023 ta ninka nauyin bashin dala idan aka lissafa shi da naira. A watan Yunin 2024 kwamitin majalisar dokokin jihar ya zargi tsohuwar gwamnati da karkatar da naira biliyan 423. El-Rufai ya musanta zargin, ya kira shi bi-ta-da-ƙullin siyasa, ya kuma garzaya kotu. Ya fice daga APC a watan Maris 2025.

Yadda batutuwan suka haɗu

Mazaunin unguwa irin Tudun Wada yana biyan kuɗin tsaro ta hanyoyi fiye da ɗaya. Yana biyan VAT a kan kayan da ya saya, wanda wani kaso nasa ke shiga asusun tarayya mai riƙe da soja da 'yan sanda. Yana biyan harajin jiha, wanda daga ciki ake ɗaukar nauyin KADVS da saya wa jami'an tarayya motoci da mai. Sannan a unguwanni da yawa ana karo-karo gida-gida don biyan 'yan sintiri ko 'yan ƙato-da-gora. A ƙauyukan da 'yan bindiga suka yi ƙarfi akwai biya na huɗu: kuɗin fansa, da harajin da ake ɗora wa manoma kafin su yi shuka ko girbi. Kiran mutum ya sayi bindiga da kuɗinsa ƙari ne a kan waɗannan duka, shi ya sa masu suka ke kallonsa a matsayin amincewar gwamnati cewa ta gaza aikin da take karɓar haraji dominsa.

Gwamnatocin biyu sun kuma bambanta kan hanyar magance matsalar. El-Rufai ya tsaya kan ƙin sulhu da ƙin biyan fansa. Uba Sani ya rungumi sulhu, inda a watan Nuwamban 2024 ya karɓi tubabbun 'yan bindiga a Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara. Gwamnati ta ce ba ta biya kowa kuɗi ba. Masu shakka suna tambayar makamai nawa aka ajiye.

Batutuwan da ba a warware ba

Na farko shi ne 'yan sandan jiha. Uba Sani ya gabatar da ƙudurori kan batun tun yana sanata, kuma a watan Fabrairun 2024 shugaban ƙasa da gwamnoni suka amince a duba shi. Kafa su na buƙatar gyaran kundin tsarin mulki da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi 36, wato 24. Baya ga tsoron da tarihin 'yan doka ya bari, akwai tambayar ko jihar da bashi ke cinye kasonta za ta iya biyan albashin dubban masu riƙe da makami a kan lokaci.

Na biyu shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Aiwatar da shi ya yi jan ƙafa, kuma a zaɓen 19 ga Oktoban 2024 jam'iyyar APC ta lashe kujerun ciyaman 23 na jihar duka, sakamakon da PDP ta yi watsi da shi.

Na uku shi ne kuɗin tsaro na gwamnoni, wanda a yawancin jihohi ba a bayyana dalla-dallar yadda ake kashe shi. Muddin ba a san nawa ake kashewa kan tsaro da kuma abin da ya haifar ba, zai yi wuya mai biyan haraji ya iya auna ko ƙarin kuɗi ake buƙata, ko ƙarin makamai, ko kuwa ƙarin bin diddigin kuɗin da ake da su. A jihar da tazarar zaɓen gwamna na 2023 ba ta kai ƙuri'a 11,000 ba, ana sa ran waɗannan tambayoyi za su kasance cikin manyan batutuwan zaɓen 2027.