Na'urar da ake sayar da ita da dalmar gyaranta a ciki

Yau ba saitin WhatsApp ko dabarar rage cin data za mu yi ba. Wata tsohuwar na'ura nake so mu leƙa cikinta, don labarinta ya shafi wayar da ke hannunku.

Sunanta osiloskop. Mita za ta ce maka "bolt biyar" ta yi shiru, ita kuwa wannan zana maka lantarkin take yi a fuskar gilashi, ka ga yadda yake hawa da sauka. Wadda nake nufi ita ce Tektronix 545, da kamfanin Tektronix na jihar Oregon a Amurka ya fitar a 1955. Nauyinta kusan kilo 30, tana shan wuta wajen wat 500, har fanka gare ta, saboda kwalaben lantarki gommai da ke cikinta zafi suke yi kamar murhu. Waɗannan kwalabe su ne ke ƙara ƙarfin sigina kafin zuwan taransisto.

Zuciyarta wata doguwar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, irin ta tsohuwar talabijin mai ƙeya. Wani Bajamushe, Karl Ferdinand Braun, shi ya ƙirƙiro ta a 1897. A gindinta akwai ɗan ƙarfe da ake gasawa har ya riƙa fitar da ƙwayoyin lantarki, sai a tattara su siriri kamar zare, a fizge su da bolt dubu goma su daki gilashin gaba. Inda suka daka, ɗigon haske ya bayyana. A hanya akwai faranti huɗu. Biyu suna ɗaga ɗigon sama da ƙasa daidai da siginar da kake aunawa, biyun kuma suna jan shi daga hagu zuwa dama, ya koma da gudu ya sake. Shi ke nan zane ya fito.

To amma in jan bai fara a wuri ɗaya kullum ba, zanen rawa zai yi ta yi. Shi ya sa akwai sashen da ke jiran siginar ta kai wani mataki kafin ya saki ɗigon, kamar kunamar bindiga. Wannan dabara ita ta fito da sunan kamfanin tun samfurin 511 na 1947. A 545 har jinkirta siginar ake yi kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don ɗigon ya riga ta tashi, ka ga farkon abin da ya faru.

Duk wannan gwaninta ce, amma ni ba ita ta fi burge ni ba. Ka cire murfin gefe, komai a fili yake. Kowace kwalba zaune take a kan soket, in ta mutu ka zare ta da hannu ka sa wata. Ƙananan kayan an jera su a kan sandunan tangaran, kuma da yake dalmar gama-gari tana iya ɓata maƙalin sandunan, sai kamfanin ya ɗaura ɗan naɗin dalma mai azurfa a cikin na'urar, don mai gyaran da zai zo wata rana. Littafinta kuma yana ɗauke da cikakkiyar taswirar wayoyi, da bayanin aikin kowane sashe. Wato tun a masana'anta sun san za ta lalace, sun shirya wa ranar.

Yanzu dubi wayarka. An like ta da gam, batirin ma a manne, taswirar fanel ɗinta kuwa yawancin kamfanoni ba sa ba kowa. Mai gyara a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar waya sai dai ya bi taswirar da ta ɓulla a intanet, ko ya yi ta lalube. Ƙaramin abu ya ƙone a layin caji, a ce maka "fanel ne, sai dai ka canza waya", hotunanka da lambobinka su tafi.

Na san za a ce gam ɗin ne ke hana ruwa shiga, shi ke sa waya ta zama siririya. Gaskiya ne. Kuma 545 kayan ɗakin bincike ce mai tsadar gaske, ba ta aljihun talaka ba. Amma ɓoye taswira ba ya hana ruwa shiga ko'ina, zaɓi ne kawai na kasuwanci. Hujjata ita ce Tarayyar Turai: daga 20 ga Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera waya su ci gaba da samar da muhimman kayan gyara na shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfurin. Da aka matsa musu, ai ga shi ya yiwu.

Mu nan abin da ke hannunmu shi ne kuɗinmu. Kafin ka biya kuɗin sabuwar waya, ka biya ta wajen mai gyara tukuna, ka tambaye shi ko ana samun sikirin da batirinta, nawa ne, kuma in fanel ya samu matsala yana da taswirarta.

Wanda kuma Allah ya haɗa shi da irin wannan tsohuwar na'ura a cikin kayan gwanjo, don Allah kar ya sa hannu a ciki da ka. Ko an zare ta daga wuta, akwai kayan da ke riƙe cajin da zai iya kisa.