Jawabi ga Masu Cewa a Kashe Tashen Yara

Da sunan Allah muke farawa, gare shi muke neman taimako. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan takarda ce zuwa ga 'yan'uwanmu malamai da almajiransu a kan sha'anin wasan yara da ake kira tashe. Dalilin rubuta ta, mun ga ana rufe wa yaranmu ƙofa biyu a lokaci guda. Hukuma ta rufe ɗaya, domin 'yan sandan Kano sun yi shelar hana tashe a azumin 1446, wato 2025, saboda ɓarayi da 'yan daba da ke fakewa da shi. Waɗansu malamai kuwa suna so su rufe ɗayar, suna cewa wasan kansa ɓarna ne, ba shi da asali, wajibi ne a tumɓuke shi. Uzurin hukuma mun ji shi, za mu komo kansa. Amma maganar malaman nan ba mu karɓe ta ba, kuma ga hujjarmu.

Fasali na farko: mene ne tashe

Ka sani, ya kai almajiri, sunan tashe daga tashi ya fito, watau tayar da mutane don sahur. Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan fita da dare ƙungiya-ƙungiya, suna bin gidaje suna kwaikwayon halayen manya, masu gida suna ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wani ya liƙa auduga a haɓa, ya ranƙwafa bisa sanda, ya zama tsoho mai neman taimako. Wani ya rataya ƙunshin saiwoyi da layu ya zama Jatau mai magani, yana lissafa cututtukan da yake da'awar warkarwa, jama'a na dariyar ƙaryarsa. 'Yan mata su kifa ƙwarya a ruwa suna kaɗawa, su yi wasan Mairama da Daudu, inda ake nuna zaman miji da mata da haƙƙin kowane a kan ɗan'uwansa. Babu malamin da ya rubuta musu waɗannan a allo. Da idonsu suka ga halin gari, da hankalinsu suka tsara shi, kowace tsara ta karɓa ta ƙara nata. Yaron da ya iya wannan ya koyi tsayawa gaban mutane ba rawar murya, ya koyi hadda, ya koyi aiki da abokai, ya koyi raba abin da aka samu bisa adalci.

Fasali na biyu: hujja daga magabata

In ka ce wasa shagala ce, shagala kuwa ba ta dace da watan azumi ba, sai mu ce maka: buɗe Buhari da Muslimu. A cikinsu Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu, Allah ya yarda da ita, ta ba da labarin yadda suke sa yaransu azumin Ashura. Sukan yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya yi kukan yunwa a miƙa masa, ya shagala da shi har a sha ruwa. Ashe matan sahabbai da wasa suka riƙe yara a kan azumi, kai kuwa kana cewa wasa ke raba su da shi.

A cikin littattafan nan biyu kuma an ruwaito Nana A'isha tana wasa da 'yan tsana a gidan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yana turo mata ƙawayenta su yi tare. Abu Dawuda ya ruwaito ya ga wani doki mai fukafukai a cikin kayan wasanta, ya tambaye ta, ta ba shi amsa da dawakin Annabi Sulaimanu, ya yi dariya, bai hana ba. Mutanen Habasha sun yi wasa da masu a cikin masallacinsa, ya tsaya ya kāre ta tana kallo har ta gaji don kanta. Da Sayyidina Umaru ya so korarsu, Annabi ya hana shi. To wane ne a cikinmu ya fi Umaru kishin addini, kuma wane ne ya fi wanda ya hana Umaru sanin haddi?

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505 ta Hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa ya kamata a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta, domin tsare shi ga karatu kullum yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira, har ya shiga neman dabarar gudu. Duk malamin allo da ya taɓa bin sawun almajiri a tasha ya san gaskiyar wannan.

A ƙasarmu ma, Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan karkara ta hannun jajis na 'Yan Taru. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, ya rubuta wasannin kwaikwayo yana sukar zalunci da cuta. Abubakar Tunau ya fitar da Wasan Marafa a 1949 don 'yan makaranta. Shehu Usmanu kansa ya yi ta gargaɗi a littattafansa kada a yi inkarin abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Wanda ya ce haramun a inda babu nassi, shi ke da nauyin kawo dalili.

Fasali na uku: abin da ake ɓoyewa

Akwai wani wasan tashe da ake kira Ka Yi Rawa. Yaro ne kan sa babbar riga da rawani, ya riƙe allo da tasbaha. Abokansa suna tuhumarsa da rawa, yana musu, har ya tashi nuna musu abin da ya ce bai yi ba, sai ga shi yana yin ta. Ya 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wannan wa'azi ne aka yi mana, mu masu rawani, daga bakin waɗanda ba su isa su faɗa mana ido da ido ba. Malamin da zahirinsa ya dace da baɗininsa zai yi dariya ya ba da sadaka. Mai kaza a aljihu kuwa ba ya jimirin as. Muna jin tsoron kada fushin waɗansu da tashe ya zama daga nan ya taso, suna sa masa rigar kishin sunna.

Fasali na huɗu: ɓarnar da ta shiga

Ba mu musun ɓarna. Ƙarti masu gemun gaske sun shiga cikin yara da wuƙaƙe da gora, suna tare hanya suna ƙwace wayar mutane, suna rama gabar unguwa. Waɗansu yara sun mayar da abin bara tsagwaronsa, ba wasa ba hikima, sai tsayawa a bakin mota. Waɗansu suna kai wa tsakar dare, asham ta wuce su. 'Yan mata suna nisa da gida ba mai tsaro. Duk wannan munkari ne, hukuma tana da gaskiya da ta tsaya a kansa. Amma ɓarawo yana shiga kasuwa, ba a tashi kasuwa ba. Yana satar takalma a masallacin Juma'a, ba a rufe masallaci ba. Ɓarawon ake kamawa. Don me sai a kan yara kaɗai za a ƙone rumbu saboda ɓera?

Sa'an nan ku duba abin da ke maye gurbin. Yaron da aka hana shi zama tsoho mai gemun auduga ba ya komawa kan allo da daren nan. Yana komawa lungu da waya a hannu, yana kallon wasan waɗansu mutane da ba su san shi ba, ba su san ubansa ba, ba wanda ya tace masa. Da shi ke ƙirƙira, yanzu ya koma mai haɗiya. Wannan ita ce hasarar da ba a lissafa ba.

Fasali na biyar: abin da muke kira gare shi

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muna kira ga kowane malamin allo da na Islamiyya ya haɗa kai da mai unguwa da limami a kan sharuɗɗa biyar. Na ɗaya, tashe na waɗanda ba su balaga ba ne. Na biyu, a yi shi bayan la'asar, ko bayan asham zuwa sa'a ƙayyadadda da jama'a suka yarda da ita. Na uku, kowace ƙungiya ta tsaya a unguwarta, da babba guda sananne yana biye da ita. Na huɗu, ba makami, ba wuta, ba tare hanya, ba zagin wani da sunansa ko ƙabilarsa ko naƙasarsa. Na biyar, 'yan mata su yi nasu a cikin gidaje gaban iyaye mata.

Bayan sharuɗɗa, a bar yara su tsara sababbin wasanni da kansu. Ga mai tauye mudu, ga mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, ga mai shan ƙwaya, ga mai alkawarin ƙarya lokacin zaɓe. Malam ya saurara, ya cire alfasha, ya bar musu hikimarsu. In unguwanni suka tsare wannan, sai dattawa su je wa hukuma da magana mai ƙarfi, su ce ga yaranmu, mun ɗauki lamuninsu.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai tanƙwarawa ba ya sare shi. Wanda yake da hujjar da ta fi tamu, ya rubuto, za mu karanta da adalci, in gaskiya ce mu bi. Wanda takardar nan ta isa hannunsa ya karanta wa wanda bai iya ba.

Allah ya shirya mana zuriya, ya nuna mana gaskiya ya ba mu ikon binta. Allah shi ne mafi sani. Tammat, wassalamu.