Sauri Daban, Shiri Daban: Raddi ga Masu Yabon Umarnin Farko na Shugaba Tinubu

Wani malami daga cikin manyanmu a nan Liman Abaji da ke Keffi, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya daɗe yana kare ra'ayi ɗaya: cewa umarnin da Shugaba Bola Tinubu ya yi ta bayarwa a makonninsa na farko a 2023 shaida ne cewa Najeriya ta samu shugaban da ya zo da shirinsa. Matasa suna ɗaukar hujjojinsa suna yaɗawa, shi ya sa suka cancanci amsa. Allah gafarta Malam, ga abin da na gani.

Malam ya ce cire tallafin man fetur a ranar rantsuwa, 29 ga Mayu, jarumta ce da ta gagari na baya. Ban musa cewa tallafin ya zama kafar sata ba, kuma manyan 'yan takara uku duk sun yi alƙawarin cire shi. Amma shugaban da bakinsa ya shaida wa 'yan Najeriya mazauna Faransa, a watan Yuni, cewa wannan jimla ba ta cikin rubutaccen jawabinsa, a kan mumbari ta zo masa. To, ina shirin? Ranar da aka faɗi maganar babu minista ko ɗaya, sai 21 ga Agusta aka rantsar da su. Sabuwar Majalisar Tarayya ba ta zauna ba sai 13 ga Yuni. Kwana biyu bayan jawabin, litar mai a Abuja ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa 537, a watan Yuli ta kai 617. Mu mutanen Keffi mun san ma'anar waɗannan lambobi. Ma'aikata nawa ne suke kwana a nan saboda hayar Abuja ta fi ƙarfinsu, su bi ta Masaka da Mararaba da Nyanya kullum da asuba? Albashinsu bai motsa ba, kuɗin mota ya ninka. Ɗan acaɓa ya ƙara kuɗi, mai kawo doya da gero daga ƙauye ya ƙara, ɗalibin jami'ar jiha ya koma tafiyar ƙasa.

Malam ya ce doka ce ta tilasta, domin dokar man fetur da Buhari ya sa wa hannu a Agustan 2021 ta bar farashi ga kasuwa, kuma kasafin 2023 bai tanadi tallafi bayan rabin shekara ba. Gaskiya ne. Sai dai rabin shekara yana ƙarewa ne a ƙarshen Yuni. Akwai wata guda cur da kasafin ya riga ya yi wa tanadi, wanda za a iya zama da ƙungiyar ƙwadago a cikinsa, a fitar da hatsi, a tanadi motocin haya. An yar da wannan wata. Sannan a 14 ga Yuni aka saki naira, dala ta bar wajen 460 a farashin hukuma ta haura 700 cikin kwanaki, alhali a lokacin kusan duk man da muke sha daga waje ake sayo shi da dala. Ko Bankin Duniya, wanda ya yaba matakan, ya yi gargaɗi a wannan watan cewa mutum miliyan 7 da ɗoriya za su ƙara faɗawa talauci idan ba a rama musu ba.

Hujjar da Malam ya fi ji da ita ita ce umarni huɗu da shugaban ya sa wa hannu, waɗanda mai magana da yawunsa a lokacin, Dele Alake, ya sanar a 6 ga Yuli. Ya ce suna nuna shugaba mai tausayi, mai sauraro. A nan nake roƙon a tsaya a karanta su. Na farko ya ɗage fara aiki da Dokar Kuɗi ta 2023 zuwa 1 ga Satumba. Na biyu ya ɗage sauye-sauyen harajin kwastan zuwa 1 ga Agusta. Sauran sun dakatar da harajin kashi 5 cikin ɗari a kan sadarwa, da ƙarin haraji a kan wasu kayan da ake sarrafawa a gida, da harajin robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar, da wani haraji a kan wasu motocin da ake shigowa da su. Dalilin da fadar shugaban ƙasa ta bayar shi ne cewa tsarin haraji na ƙasa ya tanadi a ba mai biya sanarwar kwana 90 kafin a canja masa. Dalili ne mai kyau, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma a duba wanda ya ci moriyarsa. An yarda cewa mai masana'anta a Legas yana da haƙƙin wata uku ya gyara lissafinsa. Mai sayar da ƙosai a Liman Abaji ko kwana uku ba a ba ta ba. Sauƙin manya ya zo a rubuce, da sa hannu, da ranar farawa. Na talaka ya zo a matsayin alƙawari: naira dubu 8 a wata ga gidaje miliyan 12, da aka janye bayan jama'a sun yi ca, naira biliyan 5 ga kowace jiha a Agusta, ƙarin dubu 35 ga ma'aikatan tarayya kawai a Oktoba. Mafi ƙarancin albashi bai tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 ba sai Yulin 2024, lokacin da hauhawar farashi ta riga ta bar kashi 22 ta haura 34. Malam ya fi ni sanin ƙa'idar malaman fiƙihu, cewa hukuncin shugaba a kan talakawansa yana rataye ne da maslaharsu, kuma idan cuta ta zama dole a zaɓi mafi sauƙinta. Wannan jeri shi ne saƙon da umarnin farko suka aiko: sun nuna wanda gwamnati take jin kukansa da wuri.

Dokar bashin karatu ta 12 ga Yuni, da Malam ke kawowa, tana goyon bayana ne. Ta gindaya cewa kuɗin shigar gidan ɗalibi kada ya kai dubu 500 a shekara, kuma ya kawo masu tsaya masa biyu daga manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi ina zai same su? Sai da aka soke ta aka sake wata a Afrilun 2024 kafin ta fara amfani.

Malam ya ce dakatar da gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele a 9 ga Yuni, da shugaban hukumar EFCC Abdulrasheed Bawa a 14 ga wata, ya nuna ba sani ba sabo. Mu da muka kwana a layin banki lokacin canjin kuɗi ba mu da dalilin yi wa Emefiele kuka. Amma Bawa ya shafe fiye da wata huɗu a hannun jami'an tsaro na farin kaya, aka sake shi a Oktoba ba a gurfanar da shi gaban alƙali ba. Idan yana da laifi, an tauye haƙƙin 'yan ƙasa na su ji. Idan ba shi da shi, an tauye nasa.

A ƙarshe Malam ya ce haka sababbin shugabanni suke yi ko'ina, a dubi Trump a Amurka da ya sa hannu a kan umarni fiye da 20 a ranarsa ta farko a 2025. Kotunan Amurka sun tare wasu daga ciki kafin mako ya zagayo. A nan gida ma Kotun Ƙoli ta soke umarni na 10 na Buhari a Fabrairun 2022, domin sashe na 5 na tsarin mulki ya ba shugaba ikon zartar da doka ne, bai ba shi ikon yin ta ba. Kuma ba kowane sabon shugaba ne yake farawa haka ba. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya gaji ƙarin kuɗin mai da na harajin kayan masarufi a 2007. Sakamakon matsin lambar ƙwadago a watansa na farko, ya mayar da harajin daga kashi 10 zuwa 5, ya sauko da lita daga naira 75 zuwa 70.

Tambayar da nake jiran Malam ya amsa guda ce: wace doka ce ta hana a ba talaka kwana 90 ɗin da aka ba masu masana'antu?