Idan Ka Je Dubiya, Me Za Ka Ce?



Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa gaida marar lafiya yana cikin haƙƙoƙi biyar na Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma yaranmu sun haddace wannan. Alhamdu lillahi, mutanenmu suna zuwa dubiya. Matsalar tana wajen abin da ake faɗa idan an je.

Ka lura da kyau, ya kai mai karatu. A shiga, a ce "sannu, ya jiki?", sai kowa ya sunkuyar da kai kamar zaman makoki, alhali bawan Allah yana nan da ransa. Wani ya ce ai wane ma irin wannan ciwon ya yi, ko sati bai rufa ba. Wata ta kwance bakin zane ta zaro ƙullin magani. Haba jama'a! Marar lafiya ya fi kowa sanin yana ciwo, shi ke kwana da shi.

A shekara ta 10 bayan Hijira, lokacin Hajjin Ban Kwana, Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kwanta ciwo a Makka har ya fid da rai. Manzon Allah (SAW) ya je duba shi, ya saurari damuwarsa game da dukiyarsa da 'yarsa guda ɗaya, ya yarje masa wasiyya da sulusi, sannan ya sa masa rai da tsawon kwana. Sa'adu ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya, shi ne ma ya jagoranci rundunar Ƙadisiyya.

To mu fa, da me za mu sa wa mutum rai? Ni a ganina, da kwanakin daɗin da kuka yi tare.

Ina da kawu masunci a bakin kogin Haɗeja, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, magana sai da ƙyar. Tun ina yaro nake bin sa su. Shi ya koya mini sa tana a ƙugiya, da riƙon kurungu yadda ƙayarsa ba za ta soke ni ba, da tono gaiwa a busasshen taɓo da rani. Da na same shi kwance, bayan addu'a sai na ce, "Kawu, ka tuna tarwaɗar nan da ta tsinke mana fatsa, ka ce wai ta kai ni tsayi?" Wallahi sai ga murmushi a ɓarin da ke motsi. Ya ɗaga hannun nan mai lafiya ya nuna sama da kaina, wato har ta fi ni. Daga nan ya shiga tsohon ƙorafinsa, kalma ɗaya-ɗaya: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 ruwan fadama ya ja baya, ga kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Matarsa ta ce rabonsa da doguwar magana haka tun ranar da ya faɗi.

Na san wani zai ce, Malam, mai ciwo mai tsanani ai tuna masa Allah ya kamata a yi, ba hirar kifi ba. Gaskiya ne, addu'a ce kan gaba, ba mai jayayya. Amma wanda ya tuna ni'imar da ya sha a rayuwa, godiya ce za ta fito daga bakinsa, kyautata zato ga Ubangiji kuwa shi ake so ga mai jinya.

Ku iyaye, in ciwon ba mai yaɗuwa ba ne, ku riƙa tafiya da yara, kada ku bar su a zaure. Ku kuma ɗalibai, kafin ku je ku tambayi mahaifiyarku abin da kaka ko baffa yake so a da, noma ne, kiwo ne ko fatauci, ku tambaye shi a kai. In kun ga ya fara lumshe ido, ku yi masa addu'a ku tashi, ku dawo jibi.