Kuɗin tsaro: har yaushe za mu ci gaba da cinikin biri a sama?



Duk ɗan kasuwar da ke sarin gero a Maradi ko albasa a Galmi ya san ƙa'ida ukku: ka san wanda kake saye wurinshi, ka tambayi farashi wuri biyu ko ukku, kuma kada ka biya sai ka ƙirga buhu. Wanda bai taɓa zama aji ba ya san wannan. To don mi gwamnati, mai ministoci da injiniyoyi da sufetoci, za ta kasa kiyaye ta wurin sayen kayan da rayukan sojojinmu suka dogara da su?

Ina tuna muku abin da wasu ke so mu manta. Ranar 10 ga Disamban 2019 anka kashe mana soja 71 a Inates. Ranar 9 ga Janairun 2020 anka ƙara kashe 89 a Shinagodar. Ba a gama zaman makoki ba sai ga rahoton binciken da sufetocin soja sunka yi kan kwangilolin ma'aikatar tsaro. Abin da ya fito ya girgiza ƙasa: kimanin miliyar 76 na sefa sun salwanta. Wajen miliyar 48 aringizon farashi ne, kusan miliyar 28 kuma kaya ne da anka biya kuɗinsu amma ba su iso ba.

Yadda anka yi wannan ɓarna shi ne darasin. Maimakon ƙasa ta je kai tsaye wurin masana'antar da ke ƙera kayan, sai a sa dillali tsakani, shi kuma ya ɗora ribarshi yadda ya ga dama. Inda doka ta ce a yi takara tsakanin kamfanoni, sai a kawo takardun takara na bogi, sunaye daban-daban amma aljihu guda. Sannan a biya kuɗi tun kaya ba su sauka ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari: ɗan kwangila ba ya sa wa kanshi hannu a takardar biya. Akwai wanda ya ba shi aikin, akwai wanda ya shaida cewa kaya sun zo.

Da mutane sunka fito Yamai ranar 15 ga Maris 2020 suna neman a hukunta masu laifi, hayaƙi mai sa hawaye anka ba su, gobara ta tashi kasuwar Tagabati, an rasa rayuka, an tsare jagororin farar hula. Daga baya sai anka sasanta da ƴan kwangila cewa su maido wani abu. Uwar sojan da ya faɗi Inates, wa ya sasanta da ita?

Abin da ya sa nake tado da zancen yau shi ne dokar 23 ga Fabrairun 2024, wadda ta cire sayen kayan tsaro daga ƙa'idojin ba da kwangilar gwamnati, da na haraji, da na lissafin baitulmali. Wato ƙofar da ɓarayi sunka ɓalle jiya da dare, yau an cire ta gaba ɗaya an jingine. Ban ce masu mulkin yanzu sun ci ko dala ba. Cewa nake, tsarin da ya dogara da kirkin mutum ɗaya kawai, ranar da mutumin ya canza, shi ke nan. Wanda ya kafa COLDEFF don kwato dukiyar ƙasa bai kamata ya buɗe hanyar da gobe za a sake neman wata hukumar kwato ba. Rigakafi ya fi magani.

Za a ce mini sirrin tsaro ne, kuma yaƙi ba ya jira. Na yarda da duka biyu. Ba wanda ya ce a bayyana a rediyo yawan harsashin da ke Diffa ko Tillaberi. Amma takalmi, da shinkafa, da man mota, da taya, da ginin bariki, wane sirri ke cikin farashinsu? Kuma gaggawa ba ta hana ƙirga kaya. Sojan da ke bakin daga, kayan da sunka iso hannunshi kawai za su tsare shi.

Ga abin da nake ganin ya dace mu nema da murya guda. Na farko, a raba kayan sirri da na yau da kullum. Na yau da kullum su koma takara a fili, a ba masu ɗinki da manoma da ƴan kasuwar Damagaram da Tawa da Maradi damar shiga. Na biyu, manyan makamai a saye su gwamnati da gwamnati ko kai tsaye daga masana'anta, ba dillali. Na ukku, a tantance kowane kamfani, a san ainihin mai shi, kuma wanda ya taɓa cin amana a rufe mishi ƙofa. Na huɗu, kada a kammala biya sai kwamitin da bai da hannu cikin cinikin ya ga kaya da idonshi. Na biyar, a naɗa sufetoci rantsattsu da za su duba ko da kwangilolin sirri, kowace shekara.

Ƴancin kan da muke kira a bakin titi, nan yake farawa: ƙasa ta san abin da ta saya, da wanda ya sayar mata, da nawa ta biya. Kuɗin nan na mai tallar ƙosai ne da ɗan kabu-kabu da makiyayi. Tambayar inda sunka tafi haƙƙinmu ne, kuma goyon baya ne ga ƴaƴanmu da ke daji.

Allah ya jiƙan sojojinmu da sunka riga mu, ya kare waɗanda ke fagen daga. Ku yaɗa, ku faɗi ra'ayinku.