Makokin da ba a zauna ba

Uwargida, kin kalli The Milkmaid kuwa? Fim ne na 2020 da Desmond Ovbiagele ya ba da umarni, an ɗauke shi a Taraba, akasarinsa da Hausa. 'Yan tada ƙayar baya sun afka wa wani ƙauye, Aisha mai tallar nono ta shiga neman 'yar'uwarta Zainab, wato Maryam Booth. Kada dai ki kunna shi gaban yara.

Ni ba harbe-harben suka hana ni barci ba, jiran ne. Wanda ya rasu ana masa sallah, a yi zaman makoki, matarsa ta shiga takaba ta fita. Wanda aka ɗauke fa?

Irin waɗannan matan suna zuwa mana asibiti daga Bomo da Samaru, wasunsu gudun hijira ya kawo su. Ba sa ambaton baƙin ciki. "Sista, kaina ke sarawa, ba na barci." Ina aunawa sai in ga jini ya hau.

In kina da irin wannan maƙwabciyar, kada ki tsaya a "ki yi haƙuri". Tambaye ta sunan wanda ya ɓace, ki bari ta ba ki labarinsa. In rashin barcin ya wuce mako biyu, ki rako ta asibiti.