Daga Teburin Malamin Jami'a Zuwa Marakesh



Ranar 27 ga watan Yunin 2013, a birnin Marakesh na ƙasar Maroko, wakilan ƙasashen duniya suka amince da wata yarjejeniya a kan makafi da littattafai. Kafin ranar, idan wata ƙungiya ta ɗauki littafi ta mayar da shi rubutun makafi, ko ta sa aka karanta shi aka naɗi muryar, to a ƙasashe da yawa sai ta nemi izinin marubucin ko kamfanin da ya buga, in ba haka ba ta taka doka. Ko a inda dokar gida ta yi sassauci, babu damar a aika wa makafin wata ƙasa wannan aiki, ko da harshensu ɗaya. Littafi guda sai a sha wahalarsa a Ingila, a sake shan ta a Kanada, a sake a Ostireliya, ƙasashen da ba su da kuɗin yi kuwa sai haƙuri. Ƙungiyar Makafi ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin littattafai ɗari da ake bugawa, waɗanda ke isa ga makaho ta hanyar da zai iya karantawa ba su kai goma ba, a ƙasashe masu tasowa kuma abin ya fi haka muni nesa ba kusa ba.

Yarjejeniyar Marakesh ta ce wa ƙasashen da suka shiga: ku buɗe ƙofa a dokokinku, ƙungiyoyin da aka amince da su su riƙa shirya wa makafi littattafai ba tare da neman izini ba, su kuma iya musayarsu daga ƙasa zuwa ƙasa. Indiya ce ta fara tabbatar da ita a 2014, Kanada ta cika ta ashirin, sai yarjejeniyar ta fara aiki ranar 30 ga Satumban 2016. Najeriya ta shiga a 2017.

An fi tuna jakadu da ministocin da suka sa hannu. Ni kuwa yau a kan malaman jami'a zan tsaya, domin wannan ƙofa a teburinsu aka fara zana ta.

Cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki a tattaunawar akwai Farfesa Ruth Okediji. A Jami'ar Jos ta yi digirinta na farko a fannin shari'a, ta wuce Harvard ta yi na biyu da na uku, ta koyar a Oklahoma da Minnesota, daga baya Harvard ta ɗauke ta farfesa. Tun a shekarar 2000 ta wallafa doguwar maƙala tana cewa dokokin duniya sun tsaya kai da fata wajen kare mai littafi, amma sun bar mai karatu a hannun kowace ƙasa ta yi yadda ta ga dama. A 2008 ita da Farfesa Bernt Hugenholtz na Jami'ar Amsterdam suka fitar da wani nazari da ya shimfiɗa yadda za a iya tsara yarjejeniyar duniya a kan sassauci da togaciya a dokar haƙƙin mallaka. A lokacin mutane da dama kallon mafarkin malamai suke yi wa maganar, domin tun daga yarjejeniyar Berne ta 1886 kusan duk abin da aka ƙulla ƙara wa masu mallaka ƙarfi yake yi. Shekara guda bayan nazarin, Brazil da Ekwado da Paraguay suka gabatar da daftarin Ƙungiyar Makafi a zauren WIPO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da mallakar fasaha a Geneva. Da aka zo zaman ƙarshe, Okediji tana cikin ƙwararrun da suka tsaya wa ɓangaren Afirka a gaban lauyoyin manyan ƙasashe da manyan kamfanonin ɗab'i da na finafinai, masu tsoron kada ƙofar da aka buɗe wa makaho ta zama hanyar kowa. Abin da ya ba ta ƙarfin tsayawa shi ne shekarun da ta yi tana bincike da koyarwa a kan wannan magana. Duk hujjar da aka kawo ta riga ta san ta, ta san amsarta. Bayan an gama kuma ba ta tafi ta bar aikin ba. Ita da wasu malamai uku suka rubuta littafin jagora a 2017 domin ƙasashe su san yadda za su shigar da yarjejeniyar cikin dokokinsu.

Ba a wannan kaɗai aka ga haka ba. A 1990 wani alƙalin Amurka, Pierre Leval, ya rubuta maƙala a mujallar shari'a ta Harvard, inda ya ce babbar tambaya idan mutum ya yi amfani da aikin wani ita ce: ya ƙara masa sabuwar ma'ana da sabon amfani, ko kwafa kawai ya yi? Bayan shekara huɗu Kotun Ƙolin Amurka ta ɗauki wannan ma'auni. A 2015 shi Leval ɗin ne ya rubuta hukuncin da ya ba Google gaskiya a kan ɗaukar hoton miliyoyin littattafai domin a riƙa bincike a cikinsu. Yau ma a kan wannan ma'auni ake ja-in-ja a shari'o'in ƙirƙirarriyar basira, ciki har da ƙarar da jaridar New York Times ta kai OpenAI da Microsoft a Disamban 2023. Maƙala guda, fiye da shekara talatin ke nan tana juya hukuncin kotuna.

To ina muka tsaya?

A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta zamanin kaset da rediyo mai batir. Sabuwar ta shigar da tanadin Marakesh domin makafi. Ta ba mai aiki damar rubuta wa kamfanin intanet ya sauke abin da aka ɗora ba da izininsa ba. Ta haramta fasa makullin da ake sa wa fim ko waƙa don hana kwafa. Ta kuma ba alƙali ma'aunai da zai duba kafin ya ce amfanin da aka yi da aikin wani ya halatta, masu kama da na Amurka. Doka ce mai kyau a ganina. Sai dai doka a takarda take zama har sai an samu lauyan da ya fahimce ta, da alƙalin da zai fassara ta, da malamin da ya koyar da su duka biyun. A jami'o'inmu da yawa wannan fanni darasin zaɓi ne, ɗalibi zai iya gama karatun lauya bai taɓa zama ajinsa ba. Idan kuma ya zauna, shari'o'in da zai haddace yawanci na Landan ne da New York. Ba laifi a san su, dole ma a san su, amma zanen aro ba ya rufe katara.

Ga tambayoyi nan jibge a ƙofar gidanmu suna jiran mai bincike. Marubutan Hausa, yawancinsu mata, sun koma sakin littattafansu a WhatsApp, mai karatu ya biya kuɗi kaɗan a sa shi cikin zaure. Kafin gari ya waye wani ya kwashe ya watsa kyauta, wani kuma ya karanta da muryarsa ya ɗora a YouTube yana karɓar kuɗin talla. Abin lura a nan shi ne, makafi da waɗanda ba su yi karatun boko ba suna amfana ƙwarai da wannan karatun murya, kuma ba ƙaramin alheri ba ne a gare su. Amma sassaucin Marakesh na makafi ne da masu lalurar karatu, ta hannun waɗanda ba riba suke nema ba. Bai rufe mai tasha da ke cin kuɗi da gumin marubuciya ba. Yaya za a yi a tsare haƙƙinta ba tare da an toshe kunnen makaho ba? Wannan aikin digiri na uku ne sukutum, kuma babu wanda zai zo daga Amsterdam ya yi mana shi.

Haka harkar fim. Brian Larkin, masanin halayyar al'umma daga Amurka, ya zauna a Kano ya yi nazarin kasuwar Ƙofar Wambai, ya nuna a littafinsa na 2008 cewa hanyoyin da aka shimfiɗa don kwafar finafinan Indiya da na Amurka su ne finafinan Hausa suka bi suka isa ko'ina. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya daɗe yana rubutu a kan yadda masana'antar ta tashi da yadda take aro daga waje. Sun yi nasu ta fuskar al'ada da sadarwa. Ɓangaren shari'a ne ke buƙatar hannu: matsayin masu tura fim a waya a bakin kasuwa, yarjejeniyar baka tsakanin furodusa da mawaƙi da mai kiɗa, da wanda ya mallaki fim ɗin Indiya da aka ɗora wa muryar Hausa.

Akwai kuma wurin da tsangayoyin shari'a na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri suka fi kowa dama, domin suna koyar da shari'ar Musulunci tare da dokar ƙasa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin marubuci da na mai ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Idan dukiya ce, ke nan ana gadonta. Dokar Najeriya tana kare waƙa da rubutu har shekara 70 bayan rasuwar mai su, abin da aka naɗa a faifai ko fim kuma shekara 50 daga fitowarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, saboda haka waƙoƙinsa suna da sauran kariya mai tsawo. Yaya ake raba irin wannan gado tsakanin magada masu yawa, alhali kuɗin ba a dunƙule yake zuwa ba, ɗigowa yake daga intanet shekara bayan shekara? Ina rabon makaɗa da 'yan amshi? Idan aka tsallaka zuwa Maraɗi kuma wata dokar ce, domin Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI da aka kafa da yarjejeniyar Bangui a 1977, ga shi kuwa masu sauraron waƙar ɗaya ne.

Abin da nake roƙon shugabannin waɗannan tsangayoyi bai fi ƙarfinsu ba. A ƙarfafa darasin, a koyar da shi da sabuwar dokar a hannu. A tura ɗalibai wurin marubuta da 'yan fim da makarantun makafi su ji matsalar daga bakin masu ita, su dawo su rubuta kundinsu a kai. A buɗe zauren ba da shawara kyauta, ko da sau ɗaya a wata, inda marubuciya za ta kawo takardar da kamfani ya ba ta a karanta mata kafin ta sa hannu. Malamai matasa kuma su nemi darasin CopyrightX da Farfesa William Fisher na Harvard ya fara a 2013, ana bin sa ta intanet. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ita ma tana da rawar takawa: ta sa a fassara dokar zuwa Hausa, a raba wa ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim da gidajen rediyo.

A Geneva yanzu haka ana ci gaba da tattauna sassauci ga ɗakunan karatu da makarantu da masu bincike, da kuma batun kare tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya, ƙasashen Afirka na cikin masu matsa lamba. Za a buƙaci waɗanda za su zauna a kujerun Najeriya da Nijar da hujja a hannu, kuma horar da mutum ɗaya irin wannan yakan ci shekara goma ko fiye.

Mu kwana nan, sai Allah ya kai mu wani makon.